Zuwa Nguru Ba Nama, Ba Kifi

Mun tashi ana idar da sallar asuba, ni da maiɗakina da ƙanena mai bi mini. Muka fito daga lungunmu na Dukawuya da kaya niƙi-niƙi, har mai shayin bakin titi ya tambaya ko ƙaura za mu yi. Nguru muka nufa, gaishe da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage mana a cikin iyaye. Kayan kuwa rabinsu guzurina ne: gurasa, dakakken ƙuli-ƙuli da yaji, dafaffen zogale a kula, kunun aya, da awarar da maƙwabciyarmu ta soya mini da sabon mai, don ta san halina.

Ga waɗanda ba su sani ba, na kusa shekara ban ci abin da ya fito daga jikin dabba ba. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu. Sana'ata wankin hula da ɗinkinta a Kasuwar Kurmi, aiki ne na zama, ga masu balangu suna bin mutum har rumfa. Ciwon gaɓɓai ya kama ni, babban yatsan ƙafata ya kumbura, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, har na koma yin sallah a kan kujera. Likita ya ba ni magani, ya ce in rage nama sosai. Ni kuwa in aka ce mini in rage, ban san inda ragin ya tsaya ba, sai in wuni ina tunanin ko yankan da na ci ya yi yawa. Na ga bari gaba ɗaya ya fi mini kwanciyar hankali. Na koma na gaya wa likitan, ya tsara mini abin da zan riƙa ci, ya ƙara mini wata ƙwaya ta ƙarin jini. Limamin unguwarmu ma ya sha fama da ni, ina ta tambayarsa ko na haramta wa kaina abin da Allah ya halatta. Ya ce muddin ban kira shi haramun ba, ban kuma hana kowa ci ba, magani nake yi. Zuwana na ƙarshe ya ce in na sake kawo masa wannan tambayar shi zai bar mini unguwar.

Abin da ya fi damuna game da wannan tafiya al'adar gidanmu ce. Idan babban gida ya je wurin Gwaggo, zakara ake yanka masa, kuma ita da hannunta take ɗauko ƙundun ta miƙa masa a gaban kowa. Da mahaifinmu ake ba. Tun da ya rasu, ni ake ba. Akwai wani baffanmu da ya taɓa ture kwanon saboda wani ɓacin rai, Gwaggo ta ɗauka ya yanke zumunci ne, har ya koma ga Allah ba ta sake sakin fuska da shi ba. To ga ni zan je, ba zan iya ci ba, ba kuma zan iya turewa ba. Gwaggo ba ta ji sosai a waya, don haka na kira babban ɗanta in roƙe shi ya yi mata bayani tun kafin mu iso. Na manta taubashina ne, abokin wasa. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce in zo kawai, ya tanadar mini harawa da dusa.

A adaidaita sahu muka isa tashar Yankaba. Kuɗin mota ya tashi sosai a kan na bara, direban ya ce mu tambayi gidan mai. Aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, ni ina rungume da kular zogale kamar jariri. Muka bi ta Gezawa da Ringim. Lokacin kaka ne, an yanke gero an jingina shi a gonaki, dawa tana jiran nata, wake ya yi yaɗo ko'ina. Da can in na ga gonar wake ba na ɗaukar ta a bakin komai. Yanzu kallon ta nake kamar yadda mahauci yake kallon garke.

A Gujungu direba ya tsaya a sha ruwa. Nan da nan masu talla suka rufe motar, dafaffen ƙwai ta wannan taga, tsire ta waccan. Ƙanena ya sayi tsire, ya buɗe takardar daidai hancina, yana ci yana yi mini ta'aziyya. Na sauka na nufi wata mai ƙosai, na tambaye ta ko ta soya kifi a cikin man. Ta ce a'a. Na ce ko jiya? Ta ce a'a. Na ce kaskon fa, nata ne ko aro ta yi? Ta ajiye matsamin ta dube ni, ta ce, "Baba, ƙosai za ka saya ko aurena ka zo nema?" Na saya, na ba ta haƙuri.

Wata Bafulatana mai fura da nono ta ji ƙanena yana ce mini Babarbare ya zama akuya, da yake asalinmu Barebari ne, abokan wasan Fulani, ai kuwa ta samu abin yi. Ta ce tun kakanninmu da nonon Fulani aka raine mu, yau kuma na ƙoshi zan yi butulci. Na ce furar zan saya, nonon ta kai wa maigidanta ko ya yi ƙiba. Ta ƙara mini dunƙule ɗaya kyauta, wai sadaka ga bawanta. Maiɗakina ta dama mini da kunun aya a cikin kofi. Wanda bai taɓa gwada wannan haɗin ba ya gwada, zai ba ni labari.

Tun kafin mu shiga Haɗejiya ƙanshin banda ya tare mu. Kifi ne kwando-kwando a bakin titi, ana ta loda shi a motoci. Ba zan yi ƙarya ba, yawuna ya tsinke. Na ɓalli gurasa na barbaɗa ƙuli, na kau da kai. Wani dattijo da ke kusa da ni ya lura, ya matso ya raɗa mini cewa mutum ba ya barin nama haka kawai, in bincika, wataƙila hannu aka sa mini. Maganar ta tsaya mini a rai har muka fita gari, ina ta lissafin wanda na ɓata wa. Maiɗakina ce ta taɓa ni ta ce wanda ya yi mini wannan sammun Allah ya saka masa da alheri, tunda ga ni ina hawa mota da ƙafata. Wata mata a bayanmu, wadda mijinta ke fama da irin ciwona, ta shiga tambayar ta yadda take miya ba nama ta yi daɗi. Suka yi ta zancen daddawa da gyaɗa da soyayyar albasa har Birniwa.

Daga nan hanya ta lalace, rami a kan rami. Amma akwai abin kallo. Ruwa ne shimfiɗe hagu da dama, ciyawar kacala ta fi mutum tsawo, masunta a cikin kwalekwale, fararen tsuntsaye suna tashi garke-garke. Ni dai rabin hankalina yana kan maganar da zan yi. Na shirya cewa cikina ne ya ɓaci. Na shirya cewa azumi nake. Kowacce na ɗauko sai in ga ƙarya ce, ga shi kwana za mu yi ba wuni ba.

Mun isa bayan azahar. Abin da na fara gani a ƙofar gida shi ne jan gashin zakara a cikin kwata. Taubashina yana tsaye a zaure, gemunsa fari fat, yana murmushin mugunta. Ashe ko kalma ɗaya bai gaya mata ba.

Gwaggo tana zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya, ta ƙara tsufa, amma idonta garau. Ta yi ta yi mana wushe-wushe da lale, irin gaisuwarmu ta Barebari, ta shafa kaina kamar yaro, ta tambayi mutanen Kano gida-gida. Muka yi sallah, aka shimfiɗa babbar tabarma, gida ya taru. Aka kawo tuwo da miya tana ƙyallin man shanu, ga zakara a kwano daban. Gwaggo ta wanke hannu, ta lalubo ƙundun, ta miƙo mini.

Hannuna ya ƙi tashi.

Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni. Na bar cin nama saboda lafiyata. Ba kifi, ba man shanu, ba komai na dabba."

Ba ta janye hannun ba. Ta ce, "Naman ka bari, ko gidan?"

Sai ƙanena, wanda ya wuni yana tsokana ta, ya gyara zama ya ɗaga murya yadda za ta ji. Ya gaya mata bara shi yake riƙe ni zuwa masallaci, shi yake ɗaukar mini kujera, kuma akwai ranar da ya same ni a rumfa ina hawaye saboda na kasa sa takalmi. Ya ce tun da na canza abinci nake shan maganina, ban sake neman kafaɗarsa ba. Ya ce shi mai cin nama ne, yanzu ma zai ci, amma duk mai son Yaya kada ya ba shi.

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce in tashi. Na tashi. Ta ce in durƙusa. Na durƙusa. Ta ce in sake tashi, kada in dafa ƙasa. Na miƙe tsaf. Matan gida suka fara ƙunshe dariya, ni kuwa ina tsaye kamar ɗan makaranta.

Ta ce, "Miƙo hannunka. Nawa in ba ka, naka ka karɓa. Ubanka ma sau nawa ya ci? Karɓa yake yi ya ba wanda ya ga dama."

Sai a lokacin na tuna, lallai muna yara Baba yakan gutsura mana shi a baki. Na sa hannu biyu na karɓa. Na waiwaya, ga taubashina yana sunkuyar da kai. Na ce, "Matso, yaro, ungo." Gwaggo ta ce ya karɓa da hannu biyu, babansa ne ya ba shi. Haka ya rusuna da farin gemunsa ya karɓa, gida ya kaure da dariya, matarsa har da guɗa.

Ranar dai guzurina na ci, Gwaggo tana ɗanɗana awarar tana cewa wannan ai ta marasa haƙori ce, me ya sa ba a taɓa kawo mata ba. Washegari ta sa aka fito da wata tukunyar ƙasa sabuwa, ta ce wannan tawa ce, kada cokalin kowa ya shiga. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune tana ba da umarni, maiɗakina da surukanta suna aiki. Aka yi burabusko da miyar yakuwa da wake da gyaɗa. Aka yi kwaɗon tafasa. Ta ce irin abincin da suka ci ke nan a shekarun da dabbobi suka ƙare, kuma a kansa suka yi noma suka yi goyo. Da na ga an ɗauko dunƙulen miya mai hoton kaza, na buɗe baki zan yi magana, sai Gwaggo ta riga ni, ta ce a mayar, a daka daddawa. Na ci har na ji kunya. Taubashina ya zo da cokalinsa zai ɗanɗana, ta kore shi, ta ce ya je ya ci kifinsa.

Kafin mu taho na zaga gari da ƙafa, har bakin ruwa inda ake shanya kifi, na gaisa da masunta, na sayi banda tsarabar maƙwabta. Gwaggo ta haɗa mana busasshiyar yakuwa da tafasa da kuɓewa, da wake mudu-mudu, har direban dawowa ya nemi ƙarin kuɗin kaya. Muka shigo Kano ana kiran magariba, muka sauka a bakin lungu, yara suka kwashe kayan suka yi cikin gida.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na ɓata makonni ina tsoron mutanen da ba su taɓa nufina da komai ba sai alheri. Mai tsokanar ka a mota shi ne zai tsaya maka a gaban manya. Tsohuwar da nake ganin ba za ta gane ba ta fi ni sanin abincin da nake ci. Duk wanda ya ɗauki irin wannan hanya saboda lafiyarsa, ya nemi shawarar likita, ya samu na gida su riƙe masa, sannan in an miƙo masa kwano kada ya ture, kada kuma ya yi ƙarya. Ya faɗi dalilinsa da ladabi. Ni dai na je Nguru, garin kifi, na dawo ko ƙaya ban tsotsa ba, kuma Gwaggo da sandarta ta rako ni har bakin zaure tana sa mini albarka.