Rabon ruwa a hanyar Tasawa

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji na kan mulki, aka ce an kawo tsabar agaji Tasawa. Muka taso daga ƙauyenmu na bayan Maijirgi a amalanken jaki: ni, mijina, uwar mijina, da ɗana da bai daɗe da koyon zama ba. Ruwanmu duka salka guda. Yunwa ta riga ta ƙafar mini da nono, ga yaron kuma yana zawo.

Salkar na hannun Inna, uwar mijin nawa, ita ke rabo. Rabonta kuwa bisa girman jiki yake, kamar rabon tuwo. Mijina ƙwarya cike, mu mata rabi, yaro a tsoma yatsa a shafa masa a leɓe.

Ni ɗiyar maginiyar tukwane ce. Tun ina ƙarama na san in an shanya ɗanyen gini, ƙaramin kasko kan bushe kafin azahar har ya tsage, randa kuwa ta yi kwanaki da danshinta. Ƙaramin abu kusan dukansa fata ne, ba shi da cikin da zai ɓoye ruwa, rana da iska suna samunsa ta kowane gefe. Jikin mutum ma haka yake.

Na ce, "Inna, a ƙara mishi. Ya fi mu saurin bushewa."

Ta ce, "Wanga ɗan mitsitsi mi za ya sha? Dubi ubanshi, shi za ya tsaya layi cikin rana. Kuma mai zawo in an ba shi ruwa ƙaruwa yakai."

Na dubi mijina. Shi kuma ya ƙura wa kunnen jaki ido kamar ranar ya fara ganinsa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Na koma guntsar rabona ina ɗiga wa yaron a baki. Inna ta gani, ta ce daga yanzu a gabanta zan haɗiye, don nono ya kawo. Ba ƙin jikanta take ba, ita ke goya shi kullum a gida. Amma surukar da ta yi musu sau biyu ta zama marar kunya, ni kuma na yi sau uku.

A Tasawa soja da bulala ya hana kowa fita layi, mu mata ma aka ce sai mun tsaya a ƙidaya mu. Kafin la'asar maɗigar yaron ta loɓa, idonsa ya zurma, yana kuka ba hawaye. Inna ta kwaɓa garin magani ta shafa masa a ka. Ruwa na cikin salka, ana yi wa ɗana maganin kai!

Mun samu jar dawa. A hanyar komawa, kafin mu kai Maijirgi, na ji goyon ya yi nauyi a bayana. Da na sauke shi, rai ya yi halinsa.

Salkar ba ta ƙare ba. Da ruwan da ya saura aka yi masa wanka, Inna ke zubawa da hannunta, ba ta auna ba. Ya ishe shi har ya yi saura.