Da Ido Ɗaya a Buɗe

Mamata tana da doguwar addu'a. A ƙauyenmu da ke kudancin Katsina, inda mu Kiristoci 'yan tsiraru ne, ba a cin abinci a ɗakinmu sai an rufe ido. Tun da babanmu ya rasu abincin ya ragu, addu'ar kuma ta ƙaru. Tuwon da ba zai ƙosar da mutum biyu ba za ta raba mana ni da ƙannena, ta ce mu rufe ido, ta kama godiya. Ta gode don ruwan sama, ta gode don lafiya, har akuyar maƙwabta da ta haihu sai ta sa a ciki, ni kuwa cikina yana ta kuka. Wata rana haƙurina ya ƙare, na buɗe ido ɗaya. Sai na ga hannunta yana gutsurar nata rabon yana ƙarawa a kwanonmu, bakinta bai daina godiya ba. Na mayar da idon na rufe. Har ta koma ga Ubangiji ban gaya mata na gani ba.

Matan zumunta na cocinmu ne suka haɗa hannu suka kai ni makarantar jinya. Daga baya aiki ya kawo ni Jidda, wani ƙaramin asibiti a unguwar Waziriyya. Ƙannena suna tsokanata a waya suna ce mini Hajiya, alhali ko hanyar Makka ban isa in bi ba. A nan babu coci, babu ƙararrawa, Lahadi ma ranar aiki ce. Sujadata ni kaɗai nake yinta a ɗaki da murya ƙasa-ƙasa, waƙoƙin da mata ke yi da tulu a gida sai dai in yi su a maƙogwaro. Abokan aikina mutanen kirki ne, amma Larabci da Turanci muke yi. Kaɗaici ya ci ni a garin nan, ba zan ɓoye ba.

Wata safiya wata tsohuwa ta kawo jikarta da zazzaɓi. Tana zama na ji ta ce wayyo gwiwarta, da Hausa. Na gaishe ta, ta riƙe hannuna kamar ta tsinci 'yar uwa. Cikin Hausawan Sudan take, tana zaune a unguwar Hindawiyya, tana sayar da gyaɗa da yaji a ƙofar gida. 'Yarta da surukinta sun rasu a hatsarin mota, suka bar mata 'yan mata biyu. Habboba suke kiranta, wato kaka, ni kuwa Hajiya nake ce mata. Suna jin Hausa sarai, amma da Larabci suke ba da amsa.

Na fara zuwa gidan ranar Juma'a, ranar hutuna, da shinkafa da kifi da ɗan magani. In yi wa yaran kitso, in duba karatunsu, in shafa wa Hajiya mai a gwiwa tana mitar cewa hannuna kamar na maƙeri. Ban je don in juya kowa daga addininsa ba. An koya mini cewa Ubangiji zai tambaye ni marayun da na gani, ni ma kuma marainiya ce da wasu suka ciyar. Bayan wannan, ina son in ji ƙaramar ta rugo tana kirana Khala, wato inna. Duk garin Jidda babu inda ake jiran zuwana sai gidan nan.

Hajiya ba ta tambaye ni addinina ba. Ga abaya, ga Hausa, me ya rage? In an kira salla sai in shige kicin in sami abin yi. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗa ba, don ina tsoron a rufe mini ƙofa. Abu ɗaya ne na kasa bari: in an ajiye faranti, idona rufewa yake da kansa. Na dai gajarta addu'ar, na zaci ba wanda ya lura.

Wata Juma'a muna tare da wata maƙwabciya mai ido kamar na mai duba shinkafa. Aka ajiye faranti. Sai ƙaramar ta haɗa tafukanta, ta sunkuyar da kai, ta matse ido, ta motsa baki, ta ce amin, sak yadda nake yi. Maƙwabciyar ta tambaye ta wa ya koya mata. Yarinyar ta nuna ni tana murmushi, tana jiran a yaba mata. Maƙwabciyar ta dube ni, ta dubi Hajiya.

Hajiya ta rako ni bakin ƙofa. "Ɗiyata, ki ɗan dakata da zuwa," ta ce. "Yaran nan amana ce a hannuna."

Na so in yi bayani, ta ce ya isa, in tafi tukuna.

Na ji tsoro, don magana irin wannan in ta kai kunnen kafili, ubangidan da ya tsaya wa baƙo, tana iya cin iƙamar mutum, wato takardar zamansa a ƙasar. Amma ba iƙama ce ta fi damuna ba, Juma'a ce. In tashi ba inda za ni. Na yi fushi da maƙwabciyar, na yi fushi da idanuna. Sau da yawa hannuna yakan auna shinkafar gida guda, in yi kwanaki ina ɗumama ta ni kaɗai. Na roƙi Ubangiji, in ba za a mayar da ni ba, ya aiko wa yaran wata mai hannun kitso, domin ƙaramar ba ta son a ja mata gashi.

An daɗe, sai ga Hajiya a asibiti, wai gwiwa ta kawo. Ina duba ta tana kallon bango, ta ce kan yaran ya zama daji, ƙaramar ta ƙi hannun kowa. Ta ce tun tuni ta san ni ba Musulma ba ce. Sau nawa ta ce mu je umara ina kawo uzuri, ita ba yarinya ba ce. Ta dai so bakin unguwa ya huce, ta kuma zaunar da jikokinta ta nuna musu nasu addinin. Da za ta fita ta ce Juma'a kada in manta da kifi.

Ranar Juma'ar na koma, da aka ajiye faranti na zuba ido a kan shinkafa, na ƙi ko ƙiftawa. Hajiya ta dubi yaran.

"Yalla, ku yi bismillah." Ta juyo gare ni. "Ke kuma rufe idonki ki yi naki. Kada ki daɗe, abinci na hucewa."

Na rufe. Ban kai ko'ina ba na ji awarwaronta ya taɓa bakin faranti. Halin yarinta bai bar ni ba, na buɗe ido ɗaya. Hannunta ne yake turo tsakiyar kifin daga gabanta zuwa gabana, fuskarta na kallon wani wajen. Na mayar da idon na rufe. Ranar na yi doguwar addu'a irin ta mamata, don ban san yadda zan buɗe idanun nan a gaban yara ba.