Gambar Iyakar Gidaɗo

A Ƙofar Atiku, in ana neman zanar da za ta shekara biyar ba ta ruɓe ba, gidan Gidaɗo ake nunawa. Mutum ne gajere mai taurin kai, ga shi da sanin ciyawa kamar yunwar cikinsa. Kawo masa kara ɗaya ya murza, zai ce maka wannan kyasuwa ce, ta damina ɗaya, ko kuwa gamba ce, mai tashi curi guda ta fi tsayin mutum, ganyenta da farin layi a tsakiya. Ba ta son ruwa kwance, sai tudun bakin fadama. Ko an ƙone ta, tushen yana nan da ransa.

Da kuɗin fetur suka shigo zamanin soja, kowa ya koma bulo da kwano, masu zana suka watse. Gidaɗo ko a jikinsa. Yana da gonar gado wajen gari, kuma tsakaninta da ta maƙwabcinsa Hayatu akwai jerin gamba da iyayensu suka dasa, don da ita magabata ke shaida iyaka.

Wani rani Hayatu ya sami ɗan kwangila mai sayen fili. Ya share gonarsa, ya sa wuta, ta cinye gambar ƙurmus. Sai ya kafa turaku can cikin gonar Gidaɗo, ya ce nan ne iyaka. Abin ya yi wa Gidaɗo ciwo ƙwarai, gonar ke ciyar da gidansa.

Da magana ta kai gaban mai unguwa, Hayatu ya ce, "Ina shaidarka?"

"Tana ƙasa, malam," in ji Gidaɗo. "A dakata ruwan farko. Inda gambar ta hito, nan na iyaka, ni da kai mu yarda."

Hayatu ya yarda da dariya, don a ganinsa toka ba ta magana.

Ruwa ya sauka. Bayan 'yan kwanaki suka fita da mai unguwa, sai ga koren tsiro curi-curi a jere, ya bar turakun Hayatu a baya nesa. Gidaɗo ya bi layin yana taɓa kowane tushe, yana nuna farin layin ganyen.

Amma can ƙarshen gonar jerin ya karkato, ya yanke kunya uku da Gidaɗo ya daɗe yana shuka gero a kai. Ba wanda ya lura sai shi. Ya tsaya, ya daɗe yana kallo, ransa bai so ba.

"Hayatu," ya ce, "zaka nan. Kunyoyin ga naka na. Kawo turke guda in kafa maka."