Na Kai wa Kawu Barkwancin Turawa Har Zurmi

Fita daga Kaura

Ina idar da sallar asuba na rataya jaka na nufi tashar Shinkafi, ko da yake na san babu direban da zai hau hanyar nan sai jami'an tsaro sun buɗe ta. A jakar akwai kwamfutata, da ƙaramin makirfo, da kaya kala ɗaya.

Sana'ata cajin waya da tura fina-finai a bakin kasuwar Kaura Namoda. A gefe kuma ni da abokina Dahiru muna fassara fina-finan ƙetare, mu ɗora musu muryoyin Hausa. Fim ɗin da ya fitar da ni daga gida, Baba Bitrus ne ya kawo mini shi, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan kudancin Kaduna da ya yi ritaya ya ƙi barin Kaura. Wasu 'yan barkwanci ne na Ingila suka yi shi tun kafin a haife ni. Ba shi da jarumi, ba shi da labari. Guntu-guntu ne, a yi wannan wasa a yanke, a shiga wani, kuma mutanen da suka fito alƙalai su ne za su dawo masu shara. Baba Bitrus yana kallo yana share hawayen dariya, ni kuwa murmushi kawai na yi a wuri biyu.

Abin ya tsaya mini a rai. Turancina ne bai kai ba, ko kuwa fim ɗin ne ba komai cikinsa? Na zaɓi guntaye uku na sa musu Hausa don gwaji. Dahiru ya ce in na ɓata mana lokaci a kan shirmen Turawa, to kowa ya kama gabansa. Shi ya sa na yanke in gwada shi a gaban mutanen da ba su san ni ba a Shinkafi, sannan in kai wa kawuna a Zurmi, wanda ya fi kowa sanin abin da ke sa mutane dariya.

Sai da rana ta ɗaga aka ce hanya ta buɗe. Muka cunkusu cikin wata tsohuwar Golf, biyu a gaba huɗu a baya, kuɗin mota kuwa ya ninka abin da na biya zuwana na ƙarshe. Na yi ƙorafi, direban ya ce, “Malam, ba mai kaɗai kake biya ba, har da raina da nika ɗaukowa kullum.”

Shingen hanya

Motoci a jere suke tafiya, kowa na bin na gabansa. Gonaki dama da hagu, wasu an nome, wasu ciyawa ta cinye su. Hira ta mutu a motar tun da muka bar gari. A wani shinge kafin Badarawa aka sauke mu duka, kowa ya buɗe kayansa. Jami'in da ya zo kaina dogo ne, Hausarsa ta koyo ce. Yana ganin makirfo da wayoyin caji fuskarsa ta canja.

“Wa za ka kai wa wannan?”

Na ce aikin fim nake yi. Ya ce in kunna ya gani. Na ɗora kwamfutar a kan bayan mota, kuma guntun da ya fara buɗewa na masu kaki ne. Gida ne yake ci da wuta, 'yan kwana-kwana suka iso da jiniya. Kafin a saki ruwa sai shugabansu ya hau kan akwati ya ce dole a yi bikin buɗe aiki. Ya shiga gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa, in ya tsallake wani ya koma farko. Mai gidan na ja masa riga, shi yana cewa a yi haƙuri, za a ba shi lokacin jawabin godiya. Ko da aka yanke ƙyalle, gidan ya zama toka, aka yi tafi.

Jami'in ya kalla har ƙarshe bai motsa fuska ba. Na fara tunanin abin da zan gaya wa matata in aka tsare ni. Sai ya yafito abokin aikinsa ya ce in maimaita. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallo. Wajen da shugaban ya koma farkon gaisuwa karo na uku, na biyun ya juya baya kafaɗunsa na girgiza. Dogon ya rufe kwamfutar da kansa ya miƙo mini.

“Turawa ma suna da irin wannan?” in ji shi. “Na ɗauka mu kaɗai ne.”

Da muka koma mota, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce, “Ɗana, mi ka gwada mashi haka?” Na ba su labarin. Direba ya yi dariya har ya daki sitiyari, amma dattijuwar ta ce ita ba ta ga abin dariya ba ga mutumin da gidansa ya ƙone.

Shinkafi

Mun shiga Shinkafi kafin azahar, ranar Alhamis, kasuwa na ci, ko da yake masu gari sun ce ba ta kai rabin yadda take a da ba. Na sauka wurin Alhaji Mamman, mai gidan kallon ƙwallo da nake tura wa fina-finai. Ya sa aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, na ci na yi nak. Ya ce yanzu duk kallo da rana ake yi, kafin magariba kowa ya shige gida, don haka bayan la'asar za a sa nawa.

Rumfar kallon ta cika da 'yan kasuwa da 'yan acaba, da wasu Fulani da suka kawo awaki. Na fara da guntun gobara. An yi dariya, amma ba kamar yadda na sa rai ba. Yana ƙarewa wani ya ce daga baya, “To sai mi? Mai gidan ya rama?” Na ce a'a, nan ya ƙare, yanzu wani wasan za a shiga. Aka fara gunaguni.

Guntu na biyu shi ya watsa taron. Maza ne biyu suka sha ɗankwali suka fito a tsofaffin mata, suna tsegumin maƙwabta da siririyar murya. Wani mai sayar da hula ya miƙe ya ce shi bai biya kuɗinsa don kallon 'yan daudu ba, ya fita, mutane da dama suka bi shi. Wani tsoho bafillace ne kaɗai ya zauna yana ƙyaƙyata. Bayan an tashi na tambaye shi abin da ya ba shi dariya. Ya ce bai bi maganar ba sosai, amma ta hagun nan yadda take murguɗa baki, sak yayarsa.

Ban sa na ukun ba. Alhaji Mamman ya ce mini gaskiya, “Lawali, mutane na son wanda za su bi, a zalunce shi, ya tashi ya rama. Wanga abu naka ba kai ba gindi.” Na kwana a ɗakin baƙinsa ina juya maganar. Ga jami'ai biyu masu bindiga sun ga kansu a ciki, ga rumfa guda ta ga shirme. Wa zan gaskata?

Hanyar Zurmi

Da safe na nemi motar Zurmi. Direbobi suka ce ba mai bin ratse yanzu, sai dai in koma ta wajen Kaura in canja mota. Haka na yi. Ta biyun a-kori-kura ce mai ɗauke da buhunan gero, muka hau kansu. Na sayi hoce da ƙuli-ƙuli a tasha, shi ne abincin rana. An tsayar da mu a shingaye da yawa, amma ba wanda ya sake tambayar kwamfuta. Mun isa Zurmi ana fitowa daga masallacin Juma'a.

Gidan Kawu

Kawu Ɗanjimma yayan mahaifiyata ne. A da ɗan kama ne, yana bin kasuwanni da takobin katako yana kwaikwayon hakimai da alƙalai da 'yan siyasa, har su kansu su kira shi ya yi su a gabansu. Ya daina tun shekarar da 'yan bindiga suka harbe ɗansa Sahabi a gona. Na same shi a zaure yana gyaran igiya, ya rame, gemu ya yi fari. Matarsa Inna Hajo ta kawo fura. Bayan gaisuwa na gaya masa abin da ya kawo ni: ya duba mini ko wasan mutanen nan yana da kyau, in yana da shi kuma ina roƙon muryarsa.

Ya ce, “Murya ta tahi, amma ido na nan. Kunna.”

Muka koma tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya, Inna Hajo da Rabi, matar marigayin, suka zauna a tabarma daga gefe. Ya kalli na gobara bai yi dariya ba, sai gyaɗa kai. Ya ce in lura, babu ɗayansu da ya nuna ya san wasa yake yi, kuma nan gwanintar take, don duk ɗan wasan da ya fara yi wa kansa dariya ya kashe wasan. Na tsofaffin matan kuwa ya ce sun iya tafiyar tsofaffi, amma sun ja shi da yawa, kuma tsohuwa ba ta da ƙarfin da za a tsaya ana yi mata ba'a haka.

Sannan ya ce, “Ka ce guda uku ne.”

Na ce na ukun ba shi da daɗi, a bar shi. Ya dube ni har sai da na kunna.

Wani babban mutum ne ya je wa wata mata ta'aziyyar mijinta, da masu ɗaukar hoto a bayansa. Ya kama hannunta yana kallon kyamara, ya kira mamacin da sunan da ba nasa ba. Aka raɗa masa, ya gyara, ya sake kuskurewa. Ya ce bai taɓa rashin da ya taɓa shi kamar wannan ba, sannan ya tambayi mai hoto ko hawayen sun fito, aka ce a'a, ya ce a sake. Matar na zaune ba ta ce komai ba har ya tafi.

Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Na kai hannu zan rufe kwamfutar ina neman kalmar ba da haƙuri, sai Kawu ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya ɗauki tabarmar salla ya yafa a kafaɗa kamar babbar riga, ya turo ciki gaba, ya karkata hula. Tafiyarsa ta canja, har tsawonsa kamar ya ƙaru. Ya tsaya gaban Inna Hajo yana kallon wani wuri can sama da kanta, ya ce da wata murya mai kauri, “Mun zo ne a madadin... a kan rashin ɗanmu, ɗan'uwanmu, Malam Sabi'u.” Ya karkata kunne kamar ana raɗa masa. “Malam Sha'aibu. Matashi mai ƙwazo, wanda muka sani ƙwarai.” Ya leƙa agogon da babu a hannunsa.

Rabi ce ta fara. Dariyar ta fito ta cikin mayafin, ta tuntsire har ta dafa ƙasa. Inna Hajo na dariya hawaye na zuba, tana cewa, “Wallahi haka yay yi. Sabi'u yac ce.” Sai a lokacin na san cewa an taɓa zuwa gidan nan da motoci aka yi musu irin wannan jajen, kuma ba su taɓa maganarsa a tsakaninsu ba.

Kawu ya zauna yana haki. Da numfashinsa ya dawo ya ce, “Mutanen nan sun san aiki. Ka duba, ba su taɓa matar ba ko kaɗan. Mai rigar suka tuɓe. Wanda bai taɓa zama inda take zaune ba, shi ne zai ce shirme ne, kada ka ga laifinai.” Ya ce in fitar da na tsofaffin, in nemo masu irin wannan a cikin fim ɗin.

Na fiddo makirfo. Ya yi muryar babban mutumin a zama ɗaya, ta fi tawa nesa ba kusa ba. Da muka gama Rabi ta ce tana da magana. Ta tambaya ko dole ne matar ta yi shiru har ƙarshe. Na ce a fim ɗin bakinta bai motsa ba, amma akwai wurin da ta sunkuyar da kai bayan sun fita, ana iya sa magana a nan. Ta matso kusa da makirfo ta gyara zama. Na danna, ta ce a hankali, “Sahabi sunansa.” Ba mu sake ɗauka ba.

Komawa gida

Na kwana a zauren Kawu. Da hantsi ya raka ni tasha da kansa, Inna Hajo ta cusa mini ƙullin daddawa in kai wa mahaifiyata. A hanya tayar motarmu ta yi faci a wurin da ba wanda ke son tsayawa. Maza duka muka sauka muka taya direba har aka ɗaura wata. Mun shiga Kaura kafin la'asar.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Alhaji Mamman da ya ba ni masauki ya kuma gaya mini ra'ayinsa ba rufa-rufa, da direbobin da ke bin hanyoyin nan kullum. Aikin bai ƙare ba tukuna, kuma ban sani ba ko zai sayu. Mahaifiyata ce ta fara jin abin da na ɗauko. Da muryar yayanta ta fito ta ce in tsayar, ta tambaye ni yaushe ya yi wannan. Na ce jiya. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fara haɗa kayan tafiya Zurmi.