Ina Zaɓen Allon Zane, Ranar Ƙawata ta Wuce

Lokacin da abin nan ya faru ina sakatariya a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Yamai, ina zaune wurin yayata a unguwar Bukoki, kuma ba abin da ke ɗebe mini kewa kamar zane a waya. Irin zanen nan ne na ƴan gidaje ƙanana, a cika kowane gida da launi guda har mutum ya fito, kamar ɗinkin hula. Da yatsa nake yi, a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, cikin taksi ko lokacin da patron, shugabanmu na wurin aiki, ya fita. Ina da wata ƙawa ƴar Maraɗi, tana shekarar ƙarshe a karatun ordinata, wato kwamfuta. Aikin da za ta kare a gaban malamai, sutnans ɗinta ke nan, wasan waya ne: ɗan dako yana ratsa kasuwar Wadata da kaya, yana kauce wa taksi da babura. Ita za ta sa komai ya motsa, ni in zana mutanen. Na amsa tun ba ta rufe baki ba.

Kunya ce ta fara ɓata ni. Na ce haba, aikin da malamai za su gani, a ce da yatsa aka yi? Na shiga kallon bidiyoyin masu zane na ƙasashen waje, kowa da ƙaton allo da alƙalami. Wannan ya ce mai gilashi ya fi, wancan ya ce marar gilashi, wani ya ce duk ba su ne ba, manhajar ce. Wallahi na gaji tun ban sayi komai ba. Ƙawata ta yi ta tambaya, ni kuwa amsata guda ce, ta bari kayan aiki su zo. A ƙarshe na je wurin wani mai kayan hannu a Wadata, ya rantse mini cewa wannan allon shi ne na manyan gwanaye, na kwaso shi a kabu-kabu, babur ɗin haya, ina rungume da shi kamar jariri.

Sai a gida na gane abin ba ya aiki shi kaɗai. Yana son ordinata, yana son wayoyi har kala-kala, yana son kuran, wutar lantarki ke nan. Lokacin zafi ne kuma, kun san yadda wuta take yi mana. In dawo daga aiki a gajiye, in haɗa komai, in fara hannun ɗan dako, ɗif, an ɗauke. In an kawo, gilashin ya yi zafi, gumi ya sa hannuna yana santsi. Yayata ta kan leƙo ta tambaye ni ko jirgin sama nake shirin tayarwa. Abin da ya fi ci mini rai, manhajar da aka yaba mini ta masu fenti ce, tana lallausa gefen kowane layi da kanta. Na zana mutane manya masu kyau, ƙawata ta rage su zuwa girman da wasan yake so, sai suka koma kamar kunun da ya zube. Ba fuska, ba ƙafa.

Ta zo har ɗakina ta roƙe ni in koma wa wayata, ta ce irin zane-zanena na da take so, su ne suka sa ta neme ni. Maimakon in ji, sai raina ya ɓaci. Na ce mata ta raina ni, ta ɗauka ban iya komai ba sai dangwale. Ni fa ina da baƙar zuciya, in na kafe ba mai tayar da ni. Na sauke wata manhajar, na goge, na sauke wata. Kowace sai an koyi inda aka ɓoye maɓallanta. Idona ya yi ja, wuyana ya sanƙare, ranar kuma tana ta matsowa. Da na haƙura na ɗauko wayar, lokaci ya riga ya ƙure, ko tafiyar ɗan dakon ban gama ba.

Ranar sutnans danginta suka taho daga Maraɗi da anko da kulolin abinci. Aka haska wasan a bango. Ɗan dakon akwati ne ja, taksi akwati ne kore, kasuwar fili ce fara fat. Wani malami ya tambaya ina Wadatar da aka rubuta a kan aikin. Ta ce laifinta ne, ba ta tsara lokaci ba. Ba ta dubi inda nake ba. Ta wuce, amma da ƙyar, ita da ake sa ran za ta zo ta ɗaya. A waje mahaifiyarta ta kama hannuna biyu, ta ce ƴarta ta gaya mata irin wahalar da na sha dominta, ta yi ta sa mini albarka. Na tsaya ina cewa amin, ina jin kamar ƙasa ta buɗe.

Har yau muna gaisawa, amma ba ta sake neman in taya ta komai ba, kuma ban ga laifinta ba. Abin da na koya, kayan aiki ba su san ranar da aka sa wa mutum ba. Ƴan uwa masu sha'awar wannan zane, ku tambayi mai aikin girman da yake so kafin ku tambayi ɗan kasuwa, ku gwada da zane guda, ku tuna da wutar unguwarku. In wani yana jiran hannunku, ku yi masa da abin da kuka iya yau. Ni an sa mini albarkar da ban ci ba, kuma har yanzu nauyinta bai sauka daga kaina ba.