Gishirin Nawa Ne, Labarin Na Yusha'u

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne ƙanena Malam Yusha'u a Dandamisa, amma har yau in na shiga kasuwar Makarfi sai wani ya tare ni ya ce, ashe kai ne wan Malam. Ni na riga shi zuwa duniya. Ni na je yaƙin basasa na dawo da ɗingishi. Duk da haka sunana a gari wan Malam. Ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Ranar da aka zo garinmu ɗibar yaran makaranta, mahaifinmu ya dube mu mu biyu. Ni na iya korar doki a wurin matsar rake, na iya juya mazarƙwaila a kan wuta. Yusha'u ba abin da ya iya sai surutu. Sai aka ba da shi. A lokacin ni aka ce an yi wa gata. Ya tafi yana kuka, ya dawo da farar riga da keke, mutane suna durƙusa masa.

Da yaƙi ya tashi na shiga soja. Ba zan ba da labarinsa a nan ba, ban taɓa ba kowa ba, in ban da abu ɗaya. Bayan na dawo, wata rana muna zaune a bakin gonar rake, Yusha'u ya dame ni da tambaya, sai na gaya masa don ya ƙyale ni.

A wani ƙauye can gabas, bayan harbi ya lafa, wata mata ta fito daga daji da yarinya a bayanta. Ba ma jin yaren juna. Ba ta dubi bindigata ba, ba ta dubi abincina ba. Ƙullin gishirin da ke hannuna take kallo. Ta cire ɗankwalinta ta miƙo mini. Ban karɓa ba, na zuba mata a tafin hannu. Ba ta lasa ba. Ta jiƙa yatsa, ta dangwala, ta sa wa yarinyar a harshe. Yarinyar ta buɗe ido. Iyakar labarin ke nan.

Yusha'u yana koyarwa a babbar firamare a Ikara, wadda tsofaffi ke ce wa midil. A ajinsa akwai yaran da iyayensu ba su dawo daga yaƙi ba, akwai 'ya'yan mutanen kudancin Zariya, har da ɗan wani mai kanti da ya gudu gabas sannan ya dawo. Sauran malamai in an zo maganar yaƙi tsallakewa suke yi. Shi kuwa sai ya sa matarsa Hajara ta yi tuwo da miyar kuka ba gishiri ko kaɗan, ya ɗauro a bayan keke. Kowane yaro ya yi loma ɗaya. Sai sun gama yamutsa fuska yake gaya musu cewa akwai yara irinsu da suka yi watanni a haka, in ma sun sami miyar. Daga nan ya ba su labarin wani soja da wata mata. Yara suka sa wa ranar suna ranar lami.

Ni a Kudan na fara ji, wurin wani suna. Wani mutum da ɗansa ke ajin ya zauna kusa da ni ya ba ni labarina. Ya fi yadda na faɗa daɗi. Jama'a suna girgiza kai, suna cewa kai, Malam akwai basira. Ba wanda ya tambayi ko wane ne sojan. Na tashi ban ci abinci ba.

Da ya zo gida hutu na ce masa ya sace mini labari. Ya yi dariya, ya ce a gona na yar da shi, shi tsinta ya yi. Na ce to ko satar ma bai iya ba, don rabi yake bayarwa. Yana sallamar yara da baki lami, alhali a labarin yarinyar ta sami gishiri.

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Yaya, ni miya kawai gare ni. Gishirin naka ne. Ka zo ka zuba musu da hannunka."

Ban je ba. In tsaya a gaban allo kusa da ƙanena, shi da farar riga da bakin magana, ni da kaushi da ƙafa ɗaya da rabi? Shi zai yi bayani, ni a nuna ni kamar ɗan akuya a kasuwa. Kowace shekara sai ya aiko, kowace shekara ina da aikin gona. Har ciwo ya kama shi, bai daɗe ba ya tafi. Ranar jana'izarsa motoci suka zo daga Ikara, mutanen Furana da Janfalan suka zo a ƙasa. Manyan mutane masu gemu suna share hawaye suna maganar ranar lami. Na yi kukan ɗan'uwana. Na kuma duba taron, na san tawa ba za ta kai rabin haka ba. Duka biyun suna cikina a lokaci guda.

Wani lokaci nakan ce da Yusha'u zai dawo ya zauna a teburin mai shayi na Makarfi, ko me zai ce. Samarin da ba a haifa ba lokacin yaƙi suna maganarsa kamar wasan ƙwallo. Wannan ya ce a raba ƙasar kowa ya huta, wancan ya ce a sake gwabzawa a ga namiji. Ni in na ji sai in biya kuɗin shayina in tashi. Shi da ba zai tashi ba. Da ya sa an dafa musu miya. Abin da yake da shi ke nan wanda ba ni da shi, kuma har yanzu yana ci mini rai.

Watan jiya wata mata ta yi sallama a gidanmu, Malama Rahila. Ɗalibarsa ce, iyayenta mutanen kudancin Zariya ne, yanzu ita ke koyarwa a ajin da ya bari. Ta ce tun rasuwarsa ba a sake yin ranar lami ba, tana so ta dawo da ita, ta zo roƙon Hajara ta dafa miyar. Hajara ta yarda, sannan ta turo mini ita.

Ta durƙusa ta gaishe ni, gaisuwa mai tsawo. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce duk ranar lami Malam yakan ajiye ƙaramin faranti a kan tebur, ba komai a ciki. Yakan ce na mai gishiri ne, wataƙila bana ya zo. Su kuwa yara sai su yi ta leƙen ƙofa har a tashi.

Ta ce, "Baba, ko kun san sojan nan?"

Na ce, "Na san shi. Ba shi da baki."

Ta ce, "Ba baki muke nema ba, Baba. Bakin Malam ya riga ya yi."

Ko a nan ma shi ne a gaba.

Na zauna na auna abin da kowannenmu ya bari. Ni na bar jini a ƙasar da ban san sunan ƙauyukanta ba. Shi bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai ta maharba, amma akwai magidanta a Ikara da in an ambaci yaƙi sai su ji miyar nan a bakinsu. Ɗan mai kantin nan da ɗan wani da muka tafi tare bai dawo ba, a kwano ɗaya suka sa hannu. Ni ban iya haɗa wannan ba. Ina ƙyashinsa, kuma ba na jin zan daina.

Na sayi gishiri a kasuwar Makarfi, yana cikin aljihun rigata. Ranar da Malama ta sa zan hau mota zuwa Ikara. Ba zan yi jawabi ba. Zan zuba a farantin, yara su dangwala. Na san abin da za a ce bayan na fita: dubi Malam, yana kabari amma sai da ya kawo mai gishirin. Gaskiyarsu ce. Allah ya jiƙanka, Yusha'u. Ka sake cin wannan ma.