Baba Makulli da Inuwar Auta

Ranar Laraba ce, ina tsakar gida ina shanya, ƙawar Auta ta yi sallama. Auta 'yata ce. Ta rasu shekara huɗu da suka wuce tana ajin ƙarshe na sakandare, Allah ya jiƙanta. Ƙawar nan tata ba ta taɓa ɗauke ƙafa daga gidanmu ba.

"Mama, kin ji Baba Makulli zai ajiye aiki ƙarshen wata?"

"Yaushe za a yi masa taro? In shirya."

"Wane taro, Mama? Ai shi ba malami ba ne. Makullan kawai zai miƙa ya tafi."

Na ajiye bokitin na zauna. Tunda ba mai tashi ya faɗa, ni zan faɗa.

Shekara talatin da ɗaya yana kula da ɗakuna huɗu a makarantar su Auta. Kafin bakwai ya jingina kekensa. Ana jin ƙarar makullan ƙugunsa tun kafin a gan shi, shi ya sa yara suka raɗa masa sunan. Ya fara da ɗakin kimiyya, ya wanke kwalaben gwaji ya kife su, ya bi bututun gas yana shanshanawa. Ya wuce ɗakin zane ya jiƙa burushin da yara suka bari fenti ya bushe a jiki. A ɗakin kiɗa ya goge ganguna, ya ɗaura tsirkiyar da ta tsinke. A ajin lissafi ya rataye babbar rular katako inda malami zai miƙa hannu ya same ta. Duk wannan daga bakin Auta na sani, don idan ta dawo tana cin abinci ba ta da hira sai tasa.

Ba shi da takardar shaida, amma shekara talatin yana sauraro daga bakin ƙofa. Ƙawar Auta ta ga ranar da wani sabon malamin lissafi ya maƙale a gaban allo, gumi na tsattsafo masa, yara sun fara ƙunshe dariya. Baba ya shigo kamar ya kawo alli, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, kamar alamar layi na uku ta juya." Ya fice abinsa. Har yau bai taɓa ba wa kowa labarin ba.

Yana da wani kabad a ƙarƙashin bene inda yake ajiye aikin da yara ba su gama ba: rabin zane, tukunyar yumɓu marar baki, takardar waƙa da aka tsaya a tsakiya. Mataimakin shugaban makaranta yana kiran wurin juji. Baba dai amsarsa ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, mai shi bai ce ya gama ba."

A farkon shekarar ƙarshe malamin kimiyya ya gaya wa ajin su Auta cewa idan ka kafa ƙarfe a rana, ka riƙa ɗiga alama a inda kan inuwarsa ya tsaya, kullum ƙarfe sha biyu daidai, bayan shekara ɗige-ɗigen za su zana lamba takwas. Auta ta ce ita ba ta yarda ba sai ta gani. Haka take tun tana ƙarama. Baba ya samo mata katako kamar faɗin ƙofa, ya kafe shi a ƙasa bayan ɗakin kimiyya, ya tsayar da ƙarfen, ya tsiyayo mata shuɗin fenti a gwangwani. Asabar da Lahadi ma sai ya tuƙo kekensa ya buɗe mata ƙofa.

Ni kuwa faɗa nake yi. "Wace makaranta ce ake buɗewa ran Asabar? Inuwa za ki ci? Ga wanki yana jiranki!"

"Umma, minti goma ne. In na gama sai na kai ki kin gani."

"Ni ba ni da lokacin kallon inuwa."

Haka na ce mata. Na sha faɗa mata haka.

A wata na bakwai da fara ɗigawar zazzaɓi ya kama ta. Kwana huɗu ta yi, ta rasu.

Ban ƙara tuna wani katako ba. Ko hanyar makarantar na daina bi, gara in zagaya ta nesa. Wata biyar suka wuce, sai ga sallama a ƙofar gida. Dattijo ne siriri da keke, makullai na ƙara a ƙugunsa. Tun kafin ya faɗi ko shi wane ne na gane shi.

"Maman Auta, gobe sha biyu saura kwata ina so ki zo makaranta."

"Malam, ka yi haƙuri. Ba zan iya shiga ƙofar nan ba."

"Ni ba malami ba ne. Amma ki zo. Saura ɗigo ɗaya, kuma ba nawa ba ne."

Daga baya na ji abin da ya faru a watannin nan. Tun ranar da Auta ta kwanta, shi ya ci gaba da ɗigawa, har ranakun hutu. Da farin fenti ya yi nasa, don kada a rasa gane nata. Ana cikin haka aka ce za a yi wa motocin malamai rumfa a daidai wurin. Leburori suka zo da diga, suka tarar da shi zaune a kan katakon.

"Baba, tashi mana, aiki aka sa mu."

"Ku ɗauke mu tare, ba ni da nauyi."

Aka ba shi takardar gargaɗi, ita kaɗai ce a duk shekarunsa na aiki. Ya ninke ta ya sa a aljihu, bai tashi ba, har malamin kimiyya ya je ya roƙa aka ɗaga aikin rumfar.

Na je. Ya kai ni bayan ɗakin kimiyya. Na ga katakon: shuɗayen ɗige-ɗige sun taso sun lanƙwasa, inda suka ƙare farare suka karɓa suka zagayo. Lamba takwas ce, ko ni na san ta. Sai ɗan gurbi a kusa da ɗigon farko. Ya miƙo mini burushi da gwangwaninta. Wata biyar yana kula da fentin kada ya bushe. Ya zuba wa agogonsa ido, inuwar tana rarrafowa a hankali.

"Yanzu."

Na ɗiga. Ɗigon ya fita a karkace.

"Na ɓata mata," na ce.

"Ba ki ɓata ba. Ta ce sai ta gani. To, kin gani mata."

Da na share hawaye ya fito da waya. Malamar kiɗa ta taɓa ɗaukar ajinsu suna rera waƙa, ya roƙa ta tura masa. "Ki kasa kunne a farkon kowane baiti," in ji shi. "'Yarki kullum sai ta riga kowa shiga. Malama ta yi faɗa har ta gaji." Ya kunna. Kafin sauran muryoyin su shigo, sai ga tata ita kaɗai, ɗan ƙiftawar ido. Na yi dariya ina kuka. Ko a gida ba ta jira a gama magana.

Baba Makulli, kai ne mai buɗewa kafin kowa ya zo, mai rufewa bayan kowa ya tafi. Kai ne ka ba 'yata minti goman da ni uwarta na hana ta. Ba ka taɓa tsayawa gaban allo ba, amma ban san wanda ya fi ka cancantar a ce masa malam ba, ko ka so ko ka ƙi. Na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka gama lafiya.

Ku da kuka bi ta ɗakunan nan huɗu, likitoci da injiniyoyi da masu zane, kafin wata ya ƙare ku je ku gaishe shi. Wataƙila rabin aikinku yana nan a kabad ɗinsa. Wanda kuma zai karɓi makullan, ya karɓa har da halin. Ku iyaye, in yaro ya ce ku zo ku gani, ku ajiye wankin ku je.

Da za a fara rumfar, shi ya ɗauro katakon a kekensa ya kawo mini, ya kafe shi a tsakar gida, ya yi ta aune-aune har inuwar ta hau kan ɗigon ranar. Zagaye na huɗu nake yanzu. Kullum sha biyu saura minti biyar nakan sauke tukunya, in ɗauko gwangwanin, in tsuguna in jira.